Soyayya, fargaba da kuɗin ginin majami'a: ku taya ni kwance wannan ƙullin

Rifkatu: Salama gare ku 'yan'uwa marubuta. Yau da kukana na zo. Wata bakwai ke nan ina fama da wani littafi, na rubuta babi tara, sai alƙalami ya kafe. Labarin soyayya ne mai jan rai, akwai so akwai haɗari, taurarin kuma Hausawa ne masu bi, wato Kiristoci, kamar ni.

Ga ƙashin labarin. Lami malamar lissafi ce. An ba ta riƙon littattafan kuɗi na ikilisiyarsu bayan tsohon ma'aji ya rasu a wani haɗarin babur da babu wanda ya ga yadda ya faru. An riga an yi mata baiko da Ayuba, ɗan dattijon da ke shugabantar kwamitin gini. Tana bin lissafi sai ta ga kuɗin sabuwar majami'a, wanda aka shekara shida ana tarawa, ba su cika ba, sa hannun surukinta ne kuma a kan takardun. Na sa wa littafin suna Baiko, saboda a bakinmu kalmar fuska biyu gare ta: baikon aure, da baikon da ake sakawa a faranti ranar Lahadi.

Matsalata biyu ce. Babin soyayya yana tafiya hanyarsa, babin bincike yana tafiya tasa, kamar kishiyoyin da ba sa ga maciji. Sannan ƙarshen. Na tsara za a kulle Lami a ɗakin ajiyar siminti, ta durƙusa ta yi addu'a, tsawa ta faɗo ta balle ƙofar. Na karanta wa ƙanwata, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ishaya: Ƙanwarki ta yi miki gata, gara ita da 'yan kasuwa. Tambaya ɗaya zan yi miki: in Lami ta rufe littafin nan ta ja bakinta ta yi shiru, me zai same ta?

Rifkatu: Babu komai, Yaya Ishaya. Sai dai lamirinta ya dame ta.

Ishaya: To nan gizo ke saƙar. Lamiri yana iya damun mutum shekara ashirin bai mutu ba. Mai karatu ba zai hana idonsa barci don lamirin Lami ba. Sai kin sa wa'adi, ranar da in ta zo dole tulu ya fashe, ko ta yi magana ko ba ta yi ba.

Dauda: Ni aikin banki nake yi, karatu kawai ke kawo ni nan, amma bari in sa baki. Wa'adin da kike nema ai ƙasar nan ta riga ta yi miki shi kyauta. Ki mayar da labarin lokacin canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya ce zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara yawo ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023. Duk wanda ya ɓoye kuɗi a gida, sai da ya fito da su. Na ga bandir-bandir da suka yi fumfuna, na ga waɗanda gara ta ci gefensu, wani tsoho ya kawo nasa a cikin tukunyar ƙarfe har da murfi.

To ki ce garin su Lami babu banki, sai an yi tafiyar awa biyu. Dattijon nan ya daɗe yana cewa kuɗin kwanon rufi suna nan a akwatin ƙarfe a gidansa, kowa ya yarda da shi, wa zai ce wa Baba buɗe mu gani? Yanzu kuwa dole a buɗe akwatin a kai banki kafin ƙarshen wata, kuma mai riƙe da littafin lissafi ce za ta ƙirga. Ba ta je neman rigima ba, rigima ce ta same ta a kujerarta.

Rifkatu: Ɗan'uwa Dauda, Allah ya sāka. Tsigar jikina har ta tashi.

Ishaya: Tsaya, na ɗauko kalandar 2023. Ranar Lahadi 29 ga Janairu aka ƙara wa'adin da kwana goma, zuwa 10 ga Fabrairu, wadda ta kama Jumma'a. Ki sa ɗaurin auren Asabar 11 ga wata. Sanarwar aure sau uku a majami'a: 22 da 29 ga Janairu, sai 5 ga Fabrairu. Kowace Lahadi mai sanarwa yana tambaya ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana auren, ita kuwa amarya tana zaune cikin mawaƙan majami'a da dalilin a jakarta. Kishiyoyinki sun shirya ke nan, girki ɗaya suke yi.

Dauda: Abin dariyar ma shi ne ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin har ƙarshen shekarar. Wato wa'adin da ya tona masa asiri bai ma tabbata ba.

Mama Laraba: Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni dai raina bai kwanta ba. Rifkatu, ke 'yar gida ce. A rasa abin da za ki rubuta sai dattijon ikilisiya ɓarawo, har da zargin kisa? Mu da muke tsiraru a garuruwanmu, littafi in ya fita ba mu kaɗai za mu karanta ba. Gobe a kasuwa a ce ga irin shugabanninsu nan, su da kansu suka faɗa. Shekarata talatin da ɗoriya a Zumuntar Mata, na san dattawan da suka sayar da buhunan masararsu don a yi wa majami'a daɓe. Su wa zai rubuta? A bar kaza cikin gashinta.

Rifkatu: Mama, na ji maganarku, kuma ba raini ba ne. Marigayi ma'ajin nan irin dattawan da kuke faɗa ne, don gaskiyarsa ma ya rasa ransa. Ba zan kuma kama sunan kowace ɗarika ko gari na gaske ba.

Mama Laraba: Ko ba ki kama suna ba, in kin ce LCC ko DCC, sunayen majalisun ikilisiya, kowa ya san inda kika dosa.

Rifkatu: Gaskiya ne. Zan ce majalisar dattawa da ofishin gunduma kawai.

Baba Fasto: Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Mama Laraba, damuwarki tana kan hanya, amma Littafi Mai Tsarki da kansa bai bar kazar cikin gashinta ba. Yahaya 12:6 ya gaya mana mai riƙe da jakar kuɗin almajirai yana ɗiba daga ciki. Ayyukan Manzanni sura 5, Hananiya da Safiratu, a kan kuɗin gona ne. Abin da zan ƙi shi ne a rubuta dattijon kamar dodo. Na yi zaman sulhu a kan irin wannan fiye da sau ɗaya, ban taɓa ganin wanda ya fara da niyyar sata ba. Aro yake farawa, zai mayar bayan girbi. Damina ta ƙi. Ya sake ɗiba don ya rufe na farko. Ranar Lahadi kuma shi ke ba da addu'ar baiko, hawaye na zuba, hawayen kuma na gaske ne. Ki rubuta wannan mutumin, 'yata.

Kan tsari kuma, ki buɗe Matiyu 18:15-17. In ɗan'uwanka ya yi laifi, ka je ka same shi ku biyu kaɗai. In ya ƙi ji, ka tafi da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, ka kai gaban ikilisiya. Ga littafinki nan kashi uku. Ki kuma lura, matakin farko yana cewa Lami ta je ita kaɗai wurin mutumin da take zargin ya sa an kashe wanda ta gada. Bangaskiyarta ce za ta kai ta bakin rami. Kin ga ba sai kin tsayar da labari kin yi mana wa'azi ba. A mataki na biyu, wa za ta ɗauka shaida? In Ayuba ne, ta sa ɗa ya tsaya a kan ubansa. In ba shi ba ne, ta ɓoye wa mijin da za ta aura.

Tsawar nan kuwa ki cire ta. Ba don Allah ba ya iyawa ba, ya buɗe wa Bulus da Sila kurkuku da girgizar ƙasa. Amma ke ba shaida kike bayarwa ba, ƙaga labari kike yi, mai karatu ya san hannunki ne ya jefo tsawar. Ki koma littafin Esta. Sura goma, a juyin da muke karantawa ba a ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba. Abin da ya juya labarin duka shi ne sarki ya kasa barci a sura 6, ya ce a karanta masa littafin tarihi. Abin da aka karanta masa kuwa tun ƙarshen sura 2 aka shuka shi, lokacin da Mordekai ya tona makircin fādawa biyu aka rubuta aka manta.

Ishaya: Baba, ashe ku ma marubuci ne kuka ɓoye mana.

Baba Fasto: Shekara ashirin da takwas ina ƙoƙarin hana mutane gyangyaɗi a benci. Sana'ar ɗaya ce.

Hajiya Bilki: Ni ba addininmu ɗaya ba, amma littattafan soyayya na rubuta ba ɗaya ba biyu ba, tun ana buga su kashi-kashi ana kai wa 'yan kasuwa har aka koma sakinsu a WhatsApp. Duk kun taru a kan kuɗi da dattijo, kun manta da saurayin. Ƙanwata, waye Ayuba? A abin da kika kawo, ɗan wane ne kawai. In ba mu so shi ba, ina ruwanmu in auren ya watse? Ki ba mu dalilin da zai sa mace mai hankali ta yi tunanin haɗiye gaskiya saboda shi. Ki kuma bar mu cikin shakka: ya sani ko bai sani ba? Kuɗin lefen, ko me kuke ce masa, daga ina suka fito? Ranar da Lami za ta buɗe akwatin kayan aurenta ta ƙirga atamfofi ta ga lissafin ya yi daidai da wani giɓi a littafinta, ranar masu karatunki za su hana ki sakat.

Sai abu ɗaya. In za ki sa Musulmi a labarin, kada ya zama ɗan daban da aka ɗauka haya, kada kuma ya zama wanda zai karɓi addininku a babin ƙarshe don a yi tafi. Mu ma muna da wannan cutar a namu littattafan, na sani. Ki sa shi maƙwabci kawai, mai shagon POS, ko direban da ya fara isa wurin haɗarin.

Rifkatu: Anti Bilki, maganar atamfofin nan ta shige ni. Direban ma na ɗauka.

Na'omi: Tunda an zo kan Ayuba, don Allah Anti Rifkatu a bar su su yi soyayya kamar mutane. Na gaji da littattafan da saurayi zai zo zance ya buɗe da aya ya rufe da aya. Ko sumba ɗaya ce a sa.

Mama Laraba: Sumba? Kafin aure? A littafin da 'yan matan Sande Sukul za su karanta?

Na'omi: Mama, ku yi haƙuri, Waƙar Waƙoƙi da sumba ta buɗe, aya ta biyu.

Mama Laraba: Ki kawo mini inda aka ce a bayan majami'a aka yi ta bayan koyon waƙa. Ke kin san in aka gan su, horo ne, bencin baya, babu Jibin Ubangiji, farar riga ma sai an yi zama a kanta.

Hajiya Bilki: Ku bar faɗa, Mama ta ba ku makami ba ta sani ba. Wanda yake son rufe bakin Lami ba sai ya kashe ta ba. Ya isa ya sa a ce an gan ta da wani da dare. In aka sa ta a horo, wa zai saurari lissafinta? Sumbar kuma, Na'omi, ba ita ce soyayya a rubuce ba. Na taɓa cika shafi uku da saurayi yana gyara wa budurwa igiyar takalmi da ta tsinke a hanya, bai ko taɓa ƙafarta ba, har yau ana turo mini saƙo a kan wurin.

Mama Laraba: Wannan na yarda.

Saratu: Gaisuwa daga Amurka. A nan irin wannan littafin kasuwa ce mai zaman kanta. Kamfanin Harlequin yana da jerin da ake kira Love Inspired Suspense, duk wata sai sun fitar da sababbi, kowanne wajen kalma 55,000. Ƙa'idarsu ita ce haɗari ya bayyana tun babin farko, babu zagi, babu shiga ɗaki, kuma a ƙare da masoyan tare. Amma yawanci jarumin ɗan sanda ne ko tsohon soja da zai kare ta. Kada ki kwaso wannan. Naki ya fi ciwo, tunda wanda ya kamata ya kare ta ɗan gidan da take tsoro ne.

Ishaya: Yanzu sai aiki. Ki ajiye babi taran nan gefe. Ki sami takarda babba ki ja layi uku: kuɗi, Ayuba, bangaskiya. Kowane babi ki rubuta abin da ya motsa a kowane layi. Babin da ya motsa layi ɗaya tak, ki haɗe shi da wani ko ki yar. Babi 30, kowanne kalma 1,500, ya ba ki 45,000. In kina rubuta 500 kullum, kwana 90 kin gama daftarin farko. Sai kuma takarda ta biyu wadda mai karatu ba zai taɓa gani ba: abin da ya faru a daren haɗarin, awa bayan awa, wa ya san me, yaushe ya sani.

Hajiya Bilki: Malam Ishaya da layuka kamar mai awon fili. Ni ban taɓa tsara littafi haka ba. Ina sanin farko, ina sanin ƙarshe, tsakiya taurarin ke ja na. In na san komai tun farko, ni kaina sai in gundura.

Ishaya: A soyayya zalla ya yi, Hajiya. Amma in akwai gawa a labari, dole marubuci ya san wanda ya yi kisan kafin ya rubuta jana'izar. Na taɓa sakin labari babi-babi ban tsara ba, a babi na 19 na gane wanda nake so ya zama mai laifin na riga na aika shi Legas a daren. Mutum ɗari huɗu sun karanta, ba halin gogewa.

Hajiya Bilki: To a nan na sallama. Amma layin Ayuba a bar mata shi sake, kada a ɗaure.

Yohanna: Daga Maraɗi nake bin ku. Roƙona a kan harshe ne. Masu bi da ke karatu da Hausa suna nan har Nijar, daga Tsibiri zuwa Galmi, kuma Hausarmu ba ta Jos ba ce, ba ta Zariya ba. Ki yi bayanin labari da daidaitacciyar Hausa, ki bar kowa ya yi magana da bakinsa a cikin zance. Dattijon kuma in zai ja aya, ya ja ta da lafazin tsohon juyi na 1932, wanda tsofaffinmu suka haddace. Matasa su ja da sabo. Daga jin ayar za a san wa ke magana.

Rifkatu: Na dawo bayan kwana biyar, ku gafarce ni, ina can ina yanka. Babi uku na farko sun tafi gaba ɗaya, ashe duk share fage ne. Tsawa ta tafi. Abin da zai fitar da Lami daga ɗakin simintin yanzu yana sabon babi na biyu: wata tsohuwa mai sharar majami'a da Lami ta saba raka ta gida duk Laraba bayan addu'a, ranar ta jira ba ta gan ta ba, ta ƙi tafiya. Har yanzu ban yanke ko za a ɗaura auren ranar 11 ba. Zuciyata na cewa a ɗaga, Ayuba ya fara tsayawa gaban ikilisiya tukuna. Ga sabon buɗin:

"Lami ta juye farantin baiko a kan tebur, tsofaffin takardu suka baje, waɗansu na warin daddawa, waɗansu na warin kananzir. Tun da aka ce za su daina aiki, kowa ya zama mai hannun kyauta. Tana cikin jera 'yan ɗari biyar-biyar ta ji an tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga kai ba, ta san takun. 'Yata, in ji Baba, akwatin nan ba sai kin wahalar da kanki ba, ni zan kai banki da kaina."

Na'omi: Wayyo! Ina ci gaban?

Hajiya Bilki: Kowa ya zama mai hannun kyauta. Wannan layin kada ki taɓa shi.

Dauda: Haka aka yi kuwa. Amma ki tura daftarin a imel ɗinki duk dare, kada ki bar shi a waya kaɗai.

Mama Laraba: Na karanta sau biyu. Gyara ɗaya: ba a ƙirga baiko mutum ɗaya, ko a ƙauye ne. Mutum biyu ne ko uku, kowa ya sa hannu. In kina son Baban ya same ta ita kaɗai, sai kin nemi abin da ya fitar da sauran daga ɗakin.

Rifkatu: Kash, gaskiyarku Mama. To shi zai aike su?

Mama Laraba: A'a, zai yi ƙuru-ƙuru da yawa. Ki sa matarsa ta leƙo ta ce ana neman hannu a sauke tukunyar abincin baƙi. Ita ma ai ta san abin da ke cikin akwatin.